Kwamfuta a hannun ɗalibi: a ina taimako yake ƙarewa, a ina cin amana yake farawa?

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar cewa daga 6 ga Oktoba, 2025, wanda ya kammala babbar makaranta sai ya shigar da kundin bincikensa cikin rumbun ajiya na ƙasa da ake kira NERD kafin a tura shi hidimar ƙasa, tsofaffin tambayoyi suka dawo sababbi a bakin ɗalibai. In na ɗauko babi na biyu daga intanet na sauya wasu kalmomi, na yi sata? In ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambaya da yin rubutu, ya gyara mini Turanci fa? In na ba mai shagon kwamfuta kalmar sirrina ya yi mini rajistar kwasa-kwasai, wa na cuta?

Amsar da aka fi ji a ɗakunan kwanan ɗalibai ita ce, "Kai dai kada kason ka ya wuce abin da sashe ya yanka." Wato an mayar da maganar gaba ɗaya ta koma yadda za a tsallake na'urar da ke auna kashi nawa na rubutu ya yi kama da na wasu. Wannan fahimta ce mai gurguwar ƙafa, kuma ba ɗalibai kaɗai ne suke da ita ba.

Me ake nufi da ɗa'ar amfani da kwamfuta?

Abubuwa uku ne suke cakuɗewa a nan. Akwai dokar ƙasa, wadda 'yan sanda da kotu suke aiki da ita: Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da Dokar Kare Bayanai ta 2023, ga kuma tsohuwar Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999. Akwai ƙa'idar makaranta, wadda take cikin ɗan littafin nan da ake raba wa sababbin ɗalibai, yawanci ba mai buɗe shi sai ranar da aka kira shi gaban kwamitin ladabtarwa. Makaranta ba ta ɗaure mutum, amma tana soke sakamako, tana dakatarwa, tana kora, kuma tana iya ƙwace shaidar digiri ko bayan shekaru.

Na ukun shi ne wanda babu ɗan sanda a kansa. Abokinka ya bar kwamfutarsa a buɗe ya tafi masallaci, kana ganin saƙonninsa a kan allo. Ka shiga laburaren intanet na makaranta ka mamaye kujera awa uku kana sauke fina-finai, bayanka ga mai neman maƙala ɗaya don aikin da za a karɓa gobe. Da wuya a hukunta ka kan ko ɗaya. Amma duka biyun suna da suna a Hausa tun kafin zuwan kwamfuta: leƙen asirin mutane, da danne haƙƙin jama'a. A ganina wannan na ukun ne tushen sauran. Lambar shiga da makaranta ta ba ka, da layin intanet ɗinta, da bayanan abokan karatunka da suka faɗo hannunka, duk ajiya ce aka ba ka.

Satar fasaha da rikicin "kashi nawa"

Satar fasaha ita ce ka gabatar da kalmomin wani, ko tunaninsa, ko alƙaluman da ya sha wahalar tattarawa, a matsayin naka ba tare da ka ambace shi ba. Karanta aikin wani ba laifi ba ne, ɗauko maganarsa ma ba laifi ba ne. Bincike ba ya yiwuwa sai da haka. Laifin yana wajen ɓoye mai maganar.

Manhajoji irin su Turnitin, da EagleScan wadda Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya samar, ba sata suke ganowa ba. Kamanni suke aunawa. Suna ɗaukar rubutunka su gwada shi da abin da ke rumbunsu, su ce kaza cikin ɗari na jimlolinka sun yi kama da wasu da aka taɓa rubutawa. Shi ke nan aikinsu. Saboda haka ɗalibar da ta yi bincike kan wani sashe na Kundin Tsarin Mulki, ta kawo nassin doka kalma da kalma, ta nuna inda ta samo kowanne, tana iya fitowa da kaso mai yawa alhali ba ta saci komai ba. Wani kuma ya sayi kundi sukutum, ya zuba shi a manhajar da ke juya kalmomi, "babba" ya koma "ƙato", "bincike" ya koma "nazari", ya fito da ɗan kaso kaɗan a buga masa hatimi. Ta farko mai gaskiya ce, na biyu ɓarawo ne, na'ura kuwa ta juya su. Duk sashen da ya tsaya ga lamba ba tare da malami ya buɗe rahoton ya duba wuraren da aka yi wa launi ba, ya miƙa alƙalanci ga abin da ba ya fahimtar ko jimla ɗaya.

Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda ake koyar da ambaton madogara kamar wata baƙuwar al'ada da Turawa suka ƙaƙaba mana, a taƙaita shi ga inda za a sa waƙafi da shekara. Alhali duk wanda ya zauna a zauren malami ya san isnadi, wato jerin sunayen waɗanda aka karɓo magana daga gare su. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowane. Almajirin da ba zai taɓa yarda ya jingina wa kansa fatawar malaminsa ba, shi ne kuma zai shiga jami'a ya kwafe shafi goma na wani bai ji komai a ransa ba, saboda ba wanda ya taɓa nuna masa cewa abu ɗaya ne.

Me ya sa cinikin kundi ya bunƙasa?

Ba lalacewar tarbiyya ce kaɗai ba, ko da yake tana ciki. Ɗalibi yakan shekara uku ko huɗu yana haddace handawut yana mayarwa a jarrabawa, ana ba shi maki gwargwadon yadda ya dawo da kalmomin malami ba canji. Rana ɗaya a ajin ƙarshe sai a ce ya rubuta shafi sittin da tunanin kansa, cikin Turancin da yake harshensa na biyu ko na uku. Malamin da zai duba aikin yana da ɗalibai da yawa a hannunsa, ga koyarwa, ga nasa karatun. Littattafan laburare sun tsufa. Yajin aiki ya cinye lokaci, kamar na ASUU a 2022 da ya kai wata takwas, aka dawo ana tseren kammala zango. A bakin ƙofar makaranta kuma ga shaguna da tsofaffin kundaye cike da kwamfuta, ka faɗi take a sauya sunan gari da shekara a buga maka.

Rumbu irin NERD an yi shi ne don ya toshe wannan hanya. Kundin da a da yake kwance a kan kanta yana cin ƙura, ba mai sanin an sake gabatar da shi a wata jiha, yanzu zai zauna wuri ɗaya da sauran, da sunan ɗalibi da na malamin da ya sa hannu. Wannan yana da amfani, musamman bayan abin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bankaɗo a ƙarshen 2023, lokacin da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Amma rumbu ba ya koya wa kowa rubutu. In ba a fara horar da ɗalibi kan gajeren rubutu da ambaton madogara tun daga ajin farko ba, masu shagunan za su ƙara kuɗi ne kawai su koma sayar da kundin da aka wanke.

Ƙirƙirarriyar basira: inda layin yake da wuyar ja

ChatGPT ya fito a 30 ga Nuwamba, 2022, kuma kafin majalisun jami'o'i su zauna su fitar da matsaya, ya riga ya shiga wayar kowane ɗalibi. Ra'ayi ya rabu. Wasu malamai suna ganin a haramta shi ɗungurungum. Wasu suna cewa haka aka yi wa kalkuleta, ƙarshe kuma aka saba. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Kalkuleta ba ya rubuta maka hujja, wannan kuwa yana rubutawa. Amma haramcin da ba a iya tabbatar da shi, masu tsoron Allah kawai yake hanawa, sauran su ci gaba a ɓoye.

Ma'aunin da na ga ya fi riƙuwa shi ne a tambayi abin da aikin yake son aunawa. In malami ya ba da aiki don ya ga ko ka iya gina hujja, na'ura ta gina maka, ka yi maguɗi ko da Turnitin ya ce sifili. In ka rubuta da kanka, ka nemi ta bayyana maka wata kalmar da ta shige maka duhu ko ta nuna maka kuskuren nahawu, wannan ya fi kusa da tambayar babban yaya, muddin malamin bai hana ba, kuma ka faɗa a fili cewa ka yi amfani da ita. Duk taimakon da kake jin kunyar a san ka karɓa, akwai abin dubawa a cikinsa.

Akwai haɗarin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro madogara: sunan marubuci, sunan mujalla, shekara da shafi, komai tsaf, alhali babu maƙalar a duniya. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga. Ɗalibin da ya jera irin waɗannan a ƙarshen kundinsa ya tashi daga satar fasaha ya shiga ƙirƙirar ƙarya, wadda ta fi muni. Haka wanda ya zauna a ɗaki ya cike takardun tambayoyi ɗari biyu da hannunsa ya ce manoman Ɗambatta ne suka amsa.

Ɗaya gefen kuma ya shafi malamai, kuma a nan nake son a dakata. Manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI da ya yi ChatGPT ya rufe tasa manhajar ganowa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Jami'ar Vanderbilt a Amurka ta kashe wannan ɓangare na Turnitin a Agustan shekarar. Wani bincike da masana a Jami'ar Stanford suka yi a 2023 ya gwada manhajoji bakwai da rubuce-rubucen jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL na waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sai manhajojin suka ɗauki fiye da rabinsu a matsayin aikin na'ura, alhali kusan ba su yi kuskure ba a kan rubutun yaran Amurka. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi Turanci a aji yana amfani da kalmomin da aka saba da jimloli masu bin ƙa'ida, irin abin da manhajar take zargi ke nan. Wannan siffar ɗan Gumel ce da 'yar Funtuwa. Malamin da ya kayar da ɗalibi don kawai wata manhaja ta nuna ja, yana iya zaluntar wanda ya kwana uku yana rubutu da fitilar waya. Hanyar da ta fi adalci tsohuwa ce: a zaunar da ɗalibi minti goma a ce ya bayyana babi na uku da bakinsa, ko da Hausa ce. Wanda ya yi aikin zai yi magana.

Kalmar sirri da shagon kwamfuta

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Shafin bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 yana neman NIN da BVN. Yawancin ɗalibanmu ba su da kwamfutar kansu, sai su tafi shago, su rubuta duk waɗannan lambobi a takarda tare da kalmar sirri, su ce za su dawo bayan la'asar. Sau da yawa mai shagon ne ma yake buɗe musu imel, shi ya zaɓi kalmar sirrin, iri ɗaya ga kowa don kada ya manta. Mafi yawan masu shagunan neman halal suke yi. Amma takardar tana nan a kan tebur, hotunan fasfo da takardun haihuwa suna nan cikin kwamfutar da mutum hamsin suke taɓawa a yini. Wanda ya haɗa NIN ɗinka da BVN da ranar haihuwa da lambar waya ya samu yawancin abin da ake buƙata don yin sojan gona da sunanka. Ka zauna a yi a gabanka, ka shigar da kalmar sirrin da yatsunka, ka fita daga shafin kafin ka tashi, ka sauya ta a wayarka in ka koma ɗaki.

Tsakanin abokai kuma, ba da kalmar sirri ana ɗaukarsa zumunci. Matsalar ita ce na'ura ba ta san fuska ba. Duk abin da aka yi da lambarka, kai ka yi. In abokin ya rubuta maka gwajin da ake yi ta intanet, ku biyun kun shiga maguɗi. Amfani da lambar malami ko ta jami'in jarrabawa don sauya maki kuwa ya wuce hurumin makaranta, Dokar Laifukan Intanet ta tanadi ɗauri kan kutse da sauya bayanai da sojan gona, kuma shafukan suna ajiye tarihin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. A 2023 ƙasar nan ta ga yadda sakamakon JAMB na bogi mai maki 362 ya jawo wa wata ɗaliba yabo da kyaututtuka, kafin rumbun hukumar ya nuna 249 ne na gaskiya.

Zauren WhatsApp ba ɗakinka ba ne

Zauren aji yana kama da hira tsakanin 'yan uwa, shi ya sa ake sakin baki. Amma sikirinshot ɗaya ya isa ya kai maganar inda ba a yi zato ba. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, a yadda aka rubuta shi a 2015, ya haramta aika saƙon da aka san ƙarya ne don a ɓata wa wani rai ko a ci mutuncinsa, da tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. An yi ta amfani da shi a kan 'yan jarida da masu sukar gwamnati, har Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Gyaran 2024 ya taƙaita shi ga saƙon batsa da kuma ƙaryar da aka yaɗa don ta da hargitsi ko barazana ga rai. Dokokin ɓata suna kuwa suna nan. Mutane ba su manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwambar 2022 kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin ba, wanda aka gurfanar a Abuja kafin a janye ƙarar bayan jama'a sun yi caa. Ina cikin masu ganin kamun ya wuce gona da iri. Ɗalibi yana da haƙƙin sukar hukuma, har da hukumar makarantarsa.

Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne mutuncin abokin karatunsa. Ɗaukar hoton ɗaliba ba da saninta ba, tura hirar sirri bayan an ɓata, haɗa fuskar wata da jikin da ba nata ba, wanda yanzu manhaja take yi cikin daƙiƙu. A garuruwanmu irin wannan yana fasa aure, yana sa uba ya cire 'yarsa daga makaranta, har ƙannenta su rasa damar shiga. Wanda ya tura gaba yana cewa "ni ma turo mini aka yi" ya ɗauki kasonsa cikakke. Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana bin diddigin asirin mutane.

Littattafan da ake rabawa kyauta

Nan ne ba ni da amsa mai sauƙi. Maƙala ɗaya a manyan mujallun waje takan kai dala talatin ko fiye, kuɗin abincin ɗalibi na makonni. Shi ya sa ake shiga Sci-Hub, shafin raba maƙalu kyauta ba da izini ba da Alexandra Elbakyan 'yar Kazakistan ta buɗe a 2011, wanda kamfanin buga mujallu na Elsevier ya samu hukuncin diyyar dala miliyan 15 a kansa a 2017. A doka keta haƙƙin mallaka ne, kuma ba zan ce ba haka ba ne, ko da yake tsarin da ya rufe ilimi ga matalauta shi ma abin tuhuma ne. Akwai ƙofofin halal da ɗalibai ba sa ƙwanƙwasawa: AJOL mai tattara mujallun Afirka, da DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta, da rumbunan da laburaren makaranta ya riga ya biya wa kuɗi, da kuma rubuta wa marubucin kai tsaye, wanda galibi da murna zai turo. Amma ɗaukar hoton littafin marubucin gida, wanda ya buga kwafi ɗari biyar da kuɗin aljihunsa a Zariya ko Kano, a watsa a zaure, wannan ba yaƙi da wani ƙaton kamfani ba ne. Cire wa maƙwabci abinci ne daga baki.

Ita ma makaranta ana bin ta bashi

Yawancin ƙa'idojin kwamfuta a makarantu an rubuta su ne kamar ɗalibi kaɗai ke iya laifi. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a 12 ga Yuni, 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan mutane, har da makarantu. Dole a tattara abin da ake buƙata kawai, a yi amfani da shi don dalilin da aka faɗa, a tsare shi, in kuma aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane a sanar da hukumar cikin awa 72. Bayanan lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsa suna da ƙarin kariya. Ɗalibi yana da haƙƙin ya ga abin da aka ajiye a kansa, ya nemi a gyara kuskure.

A gwada wannan da abin da muka saba gani: sakamako manne a allo da cikakken suna, jerin waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba yana yawo a WhatsApp, takardun gwajin asibiti jibge a baranda, lambar wayar ɗaliba da ta bayar don rajista ta koma hannun ma'aikacin da yake kiranta da dare. Sai kuma malamin da ya ɗauki kundin ɗalibinsa ya buga a mujalla da sunansa shi kaɗai don neman ƙarin girma, wanda satar fasaha ce irin wadda yake kayar da ɗalibai a kanta.

Kuma na'urar hukuma tana kuskure. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Kafin ranar, yaran da suka ce makin ba nasu ba ne ba kowa ya saurare su ba. Saboda haka duk makarantar da za ta hukunta ɗalibi da shaidar kwamfuta, wajibi ne ta nuna masa shaidar, ta ba shi damar kare kansa a gaban mutane, ta kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara. Shi kuma ɗalibin da ke rubuta kundi a bana, ya adana kowane daftari da kwanan watansa, da takardun tambayoyin da aka cike a fili, da gyare-gyaren da malaminsa ya yi da jan biro, kada ya yar da ko ɗaya sai shaidar kammalawa ta shiga hannunsa.